Rasuwar Hajiya Ladidi, Wadda Aka Sa Ta Ƙirga Shanu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, da kuma rubutun hannun da ni kaina nake jin kunyarsa, nake fitar da wannan sanarwa. Sai an yi haƙuri da karkacewar layukan. Tun da marigayiya ta shigo hannuna na daina riƙe biro sai in zan sa hannu, yau da na ɗauka sai na tarar yatsuna sun manta hanya. Sanarwar rasuwar mutane da yawa ta fito daga cikinta tsaf, da zane a gefe, ga tata ana rubutawa a kan takardar da na yago daga littafin makarantar 'yata.

Ni, Mas'udu Salisu Bungudu, sakataren Ƙungiyar Taimakon Juna ta Manoma da Makiyaya ta Gusau, Tsafe da Bungudu, ina sanar da 'yan ƙungiya, da 'yan uwa, da abokan arziki, rasuwar kwamfutarmu, wadda aka fi sani da Hajiya Ladidi. Ta cika a ofishin ƙungiya da ke Tudun Wada, Gusau, wato shagon nan da ke jikin zauren gidana, cikin daminar bana ta 1999, bayan gajeriyar jinya mai tsanani. Na tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta a yi salati a kan rashin na'ura. Ya ce ana yi a kan kowace hasara, amma kada in wuce nan. Zan yi ƙoƙari.

Marigayiya ta zo mana ne a shekarar da ta biyo bayan samun jiha, ta hannun wasu masu ba da agaji da ke kula da lafiyar dabbobi. Ranar Lahadi aka sauke kwalinta, shi ya sa matata Lantana ta raɗa mata Ladidi. Hajiyar kuwa mutanen unguwa ne suka ƙara, don sun ji an ce a jirgin sama ta shigo ƙasar. Ta riga ni hawa jirgi, kuma har yau ban rama ba.

Kafin zuwanta ni mai buga tafireta ne da aka sallama daga aiki, ina zaune a ƙofar gida ina gyara wa mutane ra'ayinsu a kan siyasa ba tare da sun roƙe ni ba. Da ta zo aka nemi wanda ya san inda haruffa suke, sai ga ni. Cikin wata guda na tashi daga Mas'udu Tafireta na koma Malam Kwamfuta. Mutanen da a da in na gaishe su suke amsawa da ka, sai ga su suna cire takalmi a ƙofar shagona. Ban taɓa gaya musu ba dole ba ne.

Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaidar alheri. Ba ta da girman kai. Yadda take buga katin ɗaurin auren ɗan Alhaji, haka take buga takardar neman taki ta manomin Ruwan Bore, ba ta rage wa kowa baƙin tawada. Ba ta da gulma. An rubuta takardun saki a gabanta, an rubuta na biko, ba a taɓa jin ko ɗaya a bakin rijiya ba. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, ba ta riƙe kowa a zuci, in an kawo sai ta tashi ta ce tiit, ta ɗan yi gurr-gurr kamar tsohon da ke gyara murya, ta koma bakin aiki. In na zura mata faifai, ɗan baƙin nan mai kusurwa huɗu da ake ɗaukar rubutu a ciki, sai ta ce ƙas, ƙas, ƙirrr, kamar kaza ta sami tsaba. Abin da kawai ba ta so shi ne zafi, don haka ita ke da fanka a gidan nan, mu muna da mafici.

Babbar ɗabi'arta kuwa ita ce biyayya. Ba ta taɓa cewa a'a ba. Ba ta taɓa tambayar wa ya aiko ba. Ba ta taɓa duban aiki ta ce wannan ya fi ƙarfina ba. A lokacin ina ambaton wannan cikin yabo, har ina yi wa 'ya'yana misali da ita in na aike su suka tsaya gardama.

Yanzu sai yadda ajali ya zo.

Kowa ya san bara ciwon huhu ya shiga shanu. Masu agaji suka ce za su kawo allurar rigakafi kafin ruwa ya sauka, amma allura da lissafi take zuwa: kowace ruga, shanu nawa, a ina take zaune. Suka aiko da sabon furogiram aka sa wa Ladidi, suka ce daga yanzu za a riƙa rubuta bayanin da wani sabon tsari da suke kira XML. Malaman dabbobi na ƙananan hukumomin nan uku kowa ya rubuto nasa a faifai, Ladidi ta karanta, ta haɗa, a kai Kaduna. A bakin wanda ya zo ya koya mana, abu ne mai sauƙi. Shi bai taɓa tambayar Bafillace yawan shanunsa ba.

Makiyayi ba ya faɗin adadi. Ya san kowace saniya da sunanta, da uwarta, da kakarta, da ranar da ta taɓa tsallake shingen wani, amma ka ce masa nawa ne, sai ya ce Alhamdulillahi, ya tambaye ka mutanen gida. Wani ya ce ƙirga tana jawo ido, wani ya ce tana rage albarka. Dattawan kuma suna tuna jangali, harajin shanu, kuma ba da daɗi suke tuna shi ba.

Na hau babur na tafi Nahuce wurin Ardo Tambaya, aminin marigayi mahaifina, wanda har yau da furfurata ɗan Salisu yake ce mini. Na yi masa bayani tun daga kan ciwon har zuwa allura. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni wa zai ga lissafin. Na ce Hajiya Ladidi da masu allura, ba na uku. Ya tambaya ko wagga Hajiya tana da baki. Na ce tana da shi, amma ba ta magana sai na ce ta yi. Ya ce ashe ba bakinta zai tambaya ba, bakina zai tambaya. Na ɗora hannu a ƙirji na ba shi alkawari, a gaban 'ya'yansa, da sunan mahaifina. Ya kori kowa, ya matso kusa da kunnena, ya faɗa mini abin da ko babban ɗansa bai taɓa ji daga bakinsa ba. Da sauran arɗaɗɗan Bungudu suka ji Tambaya ya faɗa, su ma suka faɗa. Na wajen Ruwan Bore suka bi. Na dawo na zuba duka a cikin Ladidi. Tun daga ranar, abin da ke cikinta ya wuce rubutu. Alkawarina ne a ciki, da sunan ubana a kai.

Ya rage Tsafe. Malamin dabbobi na can, Malam Sahabi, mutum ne mai ƙarancin magana wanda mahaifiyarsa 'yar ruga ce, kuma ya fi mu duka gane karatun da aka yi mana. Na sami labarin dattawan can sun ƙi faɗin ko ɗan maraƙi. Don haka na yi mamaki, na kuma yi murna, da na gan shi wata safiya ya jingine babur, ya yi sallama, ya miƙo mini faifai. Ya sha ruwa. Lantana ta aiko da fura, ya ce ana jiransa. Mutumin Tsafe ya bar fura a kwarya ya tafi, ni kuwa ban tsaya na yi tunani ba.

Na zura faifan. Ta ce ƙas, ƙas, ƙirrr. Na kwashe rubutun na sa a inda take ɗaukar aikinta, na ce ta karanta. Rubutun ƙarami ne ƙwarai, har na yi wa mutanen Tsafe dariyar talauci a zuciyata.

Da farko ba a ga komai ba. Sai 'yar fitilar gabanta da takan yi ƙyafta-ƙyafta ta tsaya cak a kunne. Sai na ji wani sauti daga cikinta da ban saba ji ba, gurrrr mai tsawo ba hutu, kamar injin niƙa da aka cika wa jiƙaƙƙen gero. Na motsa linzaminta, ɗan abin nan da ake jan kibiya da shi a fuskarta, kibiyar ba ta motsa ba. Na danna maɓalli, shiru. Na danna da ƙarfi, kamar ƙarfin ne ya rage. Jikinta ya yi zafi. Na matso da fanka, na ƙara da mafici. Da azahar ta yi na kashe ta na sake kunnawa. Ta ce tiit, zuciyata ta yi sanyi, sai ta miƙe kai tsaye ta koma kan aikin da na ba ta, don a saninta ba ta gama ba. Gurrrr. Na kashe, na kunna. Haka. Na kashe, na kunna, na yi addu'a. Haka.

A ƙofar shago kuwa mutane sun taru. Ga mai jiran takardar neman aiki, ga wanda yayansa ya rasu yana son sanarwa, ga mai katin suna. Ladidi tana nan, da wuta a jikinta, tana aiki kamar za ta tsage, amma ba ta da lokacin kowa. Ba ta ji kira, ba ta ga mai shigowa. Mai katin sunan ya leƙo ya ce wai ko Hajiya ta hau bori ne. Na ce ya fita mini daga shago. Daga baya na aika aka ba shi haƙuri, don ni ma tunanin ya zo mini.

Na ɗauko Lukuman, mai gyaran rediyo da talbijin na bakin kasuwa, wanda shi ne likitan duk abin da ke da waya a garin nan. Ya ɗauki faifan Sahabi ya kai wani wuri ya buɗe shi yadda ake buɗe wasiƙa, ba tare da ya sa na'ura ta yi aiki da shi ba, ya dawo yana girgiza kai, rabi takaici rabi sha'awa. Ga abin da ya bayyana mini, kuma ina roƙon duk mai irin wannan na'ura ya karanta a hankali.

A tsarin nan na XML, an yi wa marubuci rangwame. In akwai abu mai tsawo da za ka riƙa maimaitawa, kana iya yi masa laƙabi sau ɗaya a sama, ka ce duk inda aka ga wannan laƙabi, a warware shi a sa abin da yake nufi. Mai karantawa ne zai yi wahalar warwarewa. To Sahabi ya rubuta a layin farko: saniya. A na biyu ya ce turke yana nufin saniya goma. A na uku, garke yana nufin turke goma. Ruga, garke goma. Mashaya, ruga goma. Burtali, mashaya goma. Haka ya yi ta hawa, fadama, tudu, daji, ƙasa, har ya kai wani laƙabi da ya kira duniya. Sannan a gurbin da aka ce a rubuta shanun Tsafe, ya sa kalma ɗaya tak: duniya. Duk rubutun bai cika tafin hannu ba.

Mutum in ya ga wannan zai yi dariya ya ajiye. Ladidi ba ta iya ajiyewa ba. Ta ga duniya, ta warware ta sami ƙasa goma. Ta warware kowace ƙasa ta sami daji goma. Ta bi kowane daji, kowane burtali, kowace ruga, tana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya, tana nema wa kowace wurin tsayawa a ƙwaƙwalwarta. Lukuman ya ce in da za ta kai ƙarshe, shanun sun haura miliyan dubu, abin da ciyawar duniyar gaske ba za ta ciyar ba. Da ƙwaƙwalwar ta cika, ta koma tana tura su cikin rumbunta, inda take ajiyar rubutu, tana fitar da waɗansu tana shigar da waɗansu, wannan ne gurnanin da muke ji. Ba a sace mata komai ba. Ba a fasa mata komai ba. An dai ba ta aikin da ba ya ƙarewa, ita kuma waɗanda suka rubuta furogiram ɗin ba su koya mata kalmar ya isa ba. Lukuman ya ce laifin ba na Ladidi kaɗai ba ne, duk na'urar da aka sa wa wannan furogiram, ko ta gidan wa ce, ɗan rubutun nan zai kwantar da ita, kuma ba sai mai rubutun ya zo da kansa ba, ya isa ya ba wani marar tunani ya zura. Da ya faɗi haka bai dube ni ba. Na gode masa da wannan.

Na je Tsafe da fushina. Na tarar da Sahabi a ƙarƙashin dalbejiya yana wanke sirinji. Ban bar masa komai ba, har abin da ban shirya faɗa ba na faɗa. Bai musa ba. Ya ce kawunnansa sun sa shi gaba, in lissafin ya haɗu ya tafi da sunan Tsafe babu komai a ciki za a zo a ƙirga da ƙarfi, in kuwa bai haɗu ba, ba wanda zai ce Tsafe ce ta ƙi. Ya ce shi dai an ce ya kawo shanu, ya kawo. Na ce kuma allurar fa? Sai ya ci gaba da wanke sirinjin da ba abin da za a zuba a ciki.

Wa'adin masu agaji ya wuce. Allurar da aka ware mana aka kai wata jiha. Ruwa ya sauka, tari ya bazu. Ardo Tambaya ya rasa farar saniyar da ya gada daga garken mahaifiyarsa, da waɗansu da bai faɗi yawansu ba, ni kuma ban tambaya ba. A Tsafe ma an yanka, an binne waɗanda ba a kai ga yankawa ba. Kawun Sahabi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ban ji daɗin hakan ba, ko da yake na yi zaton zan ji.

Cikin masu zuwa dubiya akwai wanda ya fi kowa ƙwazo. Wani jami'in tara haraji ne, ba zan faɗi sunansa ko na ofishinsa ba. Ban san shi ba, ban gayyace shi ba, amma ya zo da fara'a, ya cire takalmi, ya tsaya a kan marar lafiya ya yi mata fatan sauƙi. Ya ce ya ji an yi aiki mai kyau a rugagen Bungudu da Gusau, aikin da ofishinsu ya yi shekaru yana nema bai samu ba. Ya ce tun da masu allura sun tafi, bai kamata wahalar ta tafi a banza ba. Na ce Hajiya ba ta cikin hayyacinta. Ya ce ba komai, yana da haƙuri, ranar da ta farfaɗo ba sai na wahala da bugawa ba, zai aiko da mota a ɗauke ta gaba ɗaya. Ya dawo ya sake dawowa. 'Yan uwana na jini ba su taɓa duba ni haka ba lokacin da na kwanta da ciwon shawara.

Ranar da ya zo na ƙarshe, bayan ya fita, na zauna ina kallon Ladidi. Na tuna ba ta taɓa tambayar wa ya aiko ba. Wanda duk ya zauna a kujerata ya danna, za ta faɗa masa abin da Ardo ya raɗa mini a kunne, ruga ruga, da inda kowace take kwana, cikin ladabi, ba ta rage ko ɗaya ba. Marar lafiya ana jiran ya warke. Mai lafiya ana aiko masa da mota. Mamaci ne kaɗai ba a kira ofis.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta guda, wadda tun rasuwar ba ta ce uffan ba. Ta bar allon maɓallai da harafin A ya goge, da linzami, da sitabilaiza wanda ya sha duka saboda ita shekara biyu cur bai taɓa kai ƙara ba. Ta bar janareta, maƙwabcinta na waje, mai yawan surutu amma mai zuwa in an kira. Ta bar rigar atamfa da Lantana ta ɗinka mata. Ta bar fanka, wadda iyali suka riga suka raba gado suka kai ɗaki tun kafin a yi sanarwa. Ta kuma bar ni, wanda jiya a masallaci wani ya kira Mas'udu Tafireta, na kuwa waiwaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a Nahuce, bayan rugar Ardo Tambaya. Za a tashi daga Tudun Wada a akori-kurar ƙungiya, masu babura su biyo baya. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, don haka ba za a yi ba. Na gaya wa Ardo ana iya goge abin da ke cikin rumbunta, ya ce shi gogewar da ido bai gani ba bai san ta ba, Lukuman kuma ya ce tsohon yana da gaskiya, abin da aka goge ana iya tono shi. Saboda haka za a ciro rumbun a gaban arɗaɗɗan da suka ba da amana, maƙerin Nahuce ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya daka, kowa yana gani, sannan a haɗa da gangar jikin a rufe. An gayyaci Malam Sahabi. In ya zo a ba shi wuri, kada kowa ya ce masa komai, na riga na faɗa. Za a karɓi gaisuwa a shago bayan an dawo. Masu katin suna da takardun neman aiki su nemi wani wuri.

Ana roƙon jama'a su fito da wuri, kuma kada a kai labarin nan bakin sakatariya sai an dawo. Shekaranjiya Lukuman ya cire rubutun Sahabi daga inda na sa shi, ya kunna ta. Ta tashi lafiya lau, ba abin da ya same ta.